Mabuɗin Labari a Tarihin Ƙagaggun Labaran Hausa

Kafin zuwan boko, mai ba da tatsuniya ba ya wahalar neman mabuɗi. Da ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara za su amsa, shi ke nan an ƙulla yarjejeniya. Matsala ta taso ne a 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. A nan marubuci ya sami kansa gaban mai karatu wanda ba ya ganinsa, balle ya amsa masa.

Idan muka nazarci littattafan da gasar ta haifar, za mu ga dabarar da magabatanmu suka yi ita ce su zaunar da mai ba da labari a cikin littafin. A Ruwan Bagaja, Abubakar Imam ya fara gabatar da Koje Sarkin Labari, wanda yawon neman labarai ya kai shi Kwantagora, sannan Alhaji Imam ya karɓi zancen. A Shaihu Umar kuwa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna mana malami cikin almajiransa, suka tambaye shi asalinsa. Wannan tambaya ita ce ta ja mu har cikin ƙuncin bauta da ƙetare Sahara. Wato dai mai karatu ya sami wanda zai zauna gabansa, kamar yadda ya saba a dandali.

Daga 1984, da adabin kasuwar Kano ya kunno kai, al'amarin ya sauya. Marubuci shi ke buga littafinsa da kuɗinsa, mai saye kuma yana tsaye gaban tebur, shafin farko kawai zai duba ya yanke hukunci. Saboda haka mabuɗi ya koma kan jawo hankali nan take. Sai dai wasu sun maƙale wa bayanin yanayin gari da kyan budurwa, har ya zama gidan kowa da akwai.

Darasin da za mu ɗauka, musamman ɗalibanmu masu aiko da labarai ga wannan mujalla, shi ne mabuɗi alkawari ne. Almajiran Shaihu Umar sun yi tambaya guda, littafin ya biya bashinta har ƙarshe. Duk wanda ya ɗauki alƙalami ya fara tantance tambayar da zai dasa a zuciyar mai karatu, kuma ya tabbata yana da amsarta. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.