Daga allo zuwa farantin ɗab'i: tafiyar zayyana a ƙasar Daura

A tsangayun Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa, rubutu kan fara rayuwarsa a jikin allo, a haddace shi, a wanke. Sai ɗalibi ya ƙware, hannunsa ya faɗa, sannan ya kai ga takarda, domin a da takarda haja ce mai tsada. Ayarin raƙuma ne ke kawo ta daga Tarabulus ta Agadas da Damagaram, ta ratsa ƙasar Daura zuwa Kano. Mafi shahara ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda masana'antun arewacin Italiya, irin na gidan Galvani, suke yi. Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851. Shi kansa tambarin hoto ne da aka dasa a jikin takarda: ana lanƙwasa siririyar waya a kan rariyar da ake tace kwaɓin takarda da ita, wurin ya yi shara-shara, sai an ɗaga ta ga haske surar ta bayyana.

Alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka yakan yi baƙaƙe da tawadar da aka haɗa da ƙaro, da alƙalamin gamba. Wasula kuma da ja, hamza da rawaya. Bayan haka sai ado: alamar ƙarshen aya, kumsa a kowace aya ta biyar, kuri a ta goma, da da'irori a gefen shafi masu nuna sumuni da rubu'i da nusufi da izu. Babu wani zane da ake ɗorawa a bi sawunsa. Ido ke ɗauka daga kwafin malami, hannu ya mayar, shi ya sa da wuya a sami da'ira biyu masu kama ɗaya ko a cikin mushafi guda. Wannan adon ne ake faɗaɗawa a allon zayyana na ranar sauka, inda Fatiha da farkon Baƙara ke zaune a tsakiyar zane mai launuka.

Injin ɗab'i mai jera haruffan ƙarfe bai burge almajirai ba. Haruffansa na Gabas ne, mushafan da ake shigowa da su kuma galibi ruwayar Hafsu ce, alhali a nan Warshu ake karantawa, da rubutu mai kauri wanda ido ya saba da shi tun daga allo. Abin da ya karɓu shi ne ɗab'in da ke ɗaukar hoton rubutun hannu yadda yake. Asalinsa dabarar Alois Senefelder ce ta 1796 a Jamus, wadda ta dogara kan cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. A sigarta ta daga baya, ana ɗaukar hoton shafi a fim, a haska shi a kan farantin ƙarfe, tawada mai maiƙo ta kama inda rubutu yake kawai, ta hau roba, robar ta sauke ta a takarda. Kamfanin Gaskiya na Zariya, da aka kafa a 1945, da hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950 sun fitar da littattafan Larabci da ajami ta wannan hanya, maɗaba'un Kano suka biyo baya. Ta irin wannan bugu ne rubutun Sharif Bala na unguwar Gabari ta Kano ya bazu har ya zama abin koyi a tsangayu, ciki har da na Daura, waɗanda ke sayen littattafai daga 'yan littafin Kasuwar Kurmi.

Sai dai kowane launi farantinsa daban, kuɗinsa daban, don haka bugu mai araha yakan tsaya a baƙi da ja, ko baƙi zalla. Injin fotokwafi ya ƙara sauƙaƙa aikin, ya kuma ƙara rage launin. Har yanzu mushafin da alaramma ya rubuta da hannunsa, warwara a cikin tadarishi da gafaka, ya fi bugagge daraja da farashi nesa ba kusa ba.