Yadda Aka Gano Sirrin Wuta-wuta

Mai sauraronmu, ko kai makiyayi ne ko mai fataucin hatsi tsakanin Maraɗi da Jibiya, ka san gonar da wuta-wuta ta ci. Dawa ta tsaya tsumburbura, furen ciyawar ya yi ja-ja-ja, ba zangarniya, ba karan kirki. Wasu ƙuduji suke ce mata. Asarar ba ta manomi kaɗai ba ce: in kara ya yi ƙaranci shanunka ne za su ji a jikinsu da rani, in hatsi ya yi tsada jarinka ne zai ƙanƙance. A shirinmu na wannan mako mun bi tarihin yadda masana suka gano dabarar wannan ciyawa.

Irinta ƙanana ne kamar ƙura. Tushe guda na zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10. Ba sa tsirowa sai akwai shuka irin su dawa, gero ko masara a kusa. To, ta yaya iri marar ido yake sanin an yi shuka?

Amsar daga Amurka ta fara fitowa. A 1956 aka tabbatar wata dangin wuta-wuta ta shiga gonakin masara a jihar Karolina ta Arewa, hankalin hukuma ya tashi, aka zuba kuɗi a bincike. A 1966 masana suka tace wani sinadari daga saiwar auduga, suka sa masa suna sitirigol. Shi ne irin ke ji ya farka, ya kama saiwa ya yi ta tsotso.

Sai dai an kusa shekara 40 ana mamaki: me zai sa shuka ta fitar da abin da ke kiran mai kashe ta? A 2005 masana a Japan suka warware. Ashe ba wuta-wuta ake kira ba. Akwai wata funfuna mai zare-zare a cikin ƙasa da ke ƙawance da saiwa, tana jawo mata sinadarin fosforas, wanda ke cikin takin supa, ita kuma shuka ta biya ta da sukari. Kiran nata ne, wuta-wuta laɓe kawai take yi. A 2008 kuma aka gano cewa wannan dangin sinadari ne ke hana shuka yawan 'ya'ya da rassa. A 2015 aka gano furotin ɗin da ke cikin irin wuta-wuta, wanda ke jin kiran ko da ɗan mitsitsi ne.

Daga nan magani ya fara bayyana. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke jami'ar Fadu a Amurka, ya samu kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda dawa mai jure fari da wuta-wuta. A 2017 shi da abokan aikinsa suka nuna ƙwayar gado guda, LGS1, wadda in ta sauya, dawa na fitar da wani launin sinadarin da ba ya tayar da irin sosai. A 2018 masana a Nagoya ta Japan suka haɗa wani sinadari da ke yaudarar irin ya tsiro ba shuka a kusa, ya mutu da yunwa cikin 'yan kwanaki.

Ga inda zancen ya zo kanka, makiyayi. Bincike ya nuna shuka ta fi fitar da wannan sinadari in ƙasa ta rasa fosforas. Wato dawar da ke jin yunwa ita ke ɗaga murya, wuta-wuta ta ji. Gonar da ta ƙoshi da taki kiranta kaɗan ne. Ka ga ke nan tsohuwar al'adar nan ta kwantar da shanu a gona bayan kaka, manomi ya ba da hatsi da kara, makiyayi ya bar masa taki, ba zumunci kawai take ƙullawa ba. Kakanninmu ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san gonar da garke ya kwana ba ta cika yin ja ba. Duk inda rigima ta raba manomi da makiyayi, wuta-wuta ce ke cin riba.

Kai kuma ɗan kasuwa, binciken da aka yi a Najeriya ya samu irin wannan ciyawa gauraye da hatsin da ake sayarwa a kasuwanni. In za ka sayar wa manomi abin shukawa, ka tabbata an sheƙe shi tsaf, ka kuma tambayi gonar da ya fito. Buhu guda na iya kai ta ƙauyen da bai taɓa saninta ba, don ita ba ruwanta da iyaka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.