Kakana, Malamin Haraji a Zamanin En'e

Duk wanda ya karanta tarihin Kano na zamanin Turawa zai sha sunayen sarakuna da na Razdan-Razdan. Amma talakan ƙauye bai cika ganin waɗannan manya ba. Hukumar da ya sani ita ce wadda ke zuwa ƙofar gidansa: dagaci, ɗan doka, duba-gari, malamin daji, malamin lamba, sai kuma wanda ya fi kowa sa gaba ya faɗi, wato malamin haraji. Kakana na wajen uba yana cikin waɗannan ƙananan ma'aikata. Ya yi aiki a wata gunduma da ke gabas da birnin Kano tun daga shekarun Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa lokacin da aka rushe tsarin En'e ɗungurungum. A gidanmu ba a faɗar sunansa, Malam kawai ake cewa. Labarinsa na tsinto shi ne daga bakin kakata Iya, da Gwaggo babbar 'yarsa, da takardun da ya bari cikin akwatin ƙarfe, da kuma dattawan ƙauyukan da ya yi wa ƙidaya.

Aikin nasa bai daɗe da samuwa ba kafin a haife shi. Kafin 1903, yawancin hakiman Kano a cikin birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, wani a gabas wani a yamma, jakadu ne ke kai da komo suna karɓo kuɗin ƙasa. Da Turawa suka ci Kano suka naɗa Sarki Abbas, sai Razdan Cargill ya tattara garuruwa ya yanka su yanki-yanki, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin ƙasarsa. Saboda haka ne Kanawa suka laƙaba masa Mai Gunduma. Daga nan aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka raba kuɗin haraji tsakanin En'e da gwamnatin Turawa, da farko rabi da rabi. Tsari irin wannan ba ya tafiya sai da rubutu da lissafi irin wanda Bature zai iya dubawa. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana cikin abin da aka yi don samar da masu wannan rubutu.

An haifi Malam shekarar da Sarki Abbas ya rasu, wato 1919. Mahaifinsa malamin allo ne, bai taɓa tunanin ɗansa zai zauna kan benci ba. Da aka ce kowane dagaci ya kawo yara makarantar elementare, masu hali suka ɓoye nasu, ƙuri'a ta faɗa kan gidan da ba shi da mai tsaya masa. Iya ta ce surukarta ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Yaron ya gama elementare, ya wuce Midil ta Kano, bai kai ga Kwalejin Katsina ba. Da ya fito aka tura shi ofishin hakimi, aka ba shi tebur, da kwalbar tawada, da alƙalamin ƙarfe. Keke kuwa sai daga baya ya saya da bashin da ake cirewa a albashi.

Shekarar malamin haraji tana da nata kalandar. Da damina jangali ake yi, a bi rugage ana ƙirga shanu, Fulani kuma su yi ta kora rabin garke cikin daji kafin a iso. Ruwa na ɗaukewa sai a shiga ƙidaya. Hakimi ya fita rangadi, a sauka garin dagaci, a kira masu unguwanni, kowa ya faɗi magidantansa da samarin da suka isa biya. A rubuta wanda ya mutu, da wanda ya ƙaura, da makaho da gurgu da tsoho tukuf da aka yafe wa. A aika jerin sunaye Kano, daga can a sanar da abin da kowane gari zai kawo. Ba a sanarwa sai kaka ta yi, lokacin da aka buɗe cinikin gyaɗa. Wannan ba dacewa ba ce. Tunda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, haraji da gyaɗa suka ɗaure da juna: dole a biya da tsabar kuɗi, tsabar kuɗi kuwa tana wurin mai sikeli. Manomi da yawa ba don yana so ya rage gonar gero ya shuka gyaɗa ba, sai don takardar haraji. Takardar nan kuma ita ce shaidar mutum in zai tafi cin rani. Ɗan doka na iya tsayar da kai a bakin kasuwa ya ce ka nuna ta.

Gwaggo ta fi tuna daren ƙirga. Tana ƙarama, takan kai wa mahaifinta tuwo zauren hakimi, ta raɓe a bakin ƙofa tana kallo. An shimfiɗa tabarma, an kunna fitilar ƙwai biyu. Dagaci ya kwance bakin buhu ya zazzage, kuɗi su watsu: sule, sisi, taro, da kwabo mai huda wanda mata suka tara na ƙuli-ƙuli da kaɗi. Malam na jera sule ashirin-ashirin, kowane tsibi fam guda. Wanda ya yi masa shakka sai ya jefa shi kan dutse ya saurari ƙararsa, don a lokacin akwai maƙera masu buga na jabu. In fam ɗari ta cika a ɗaure jaka, a ɗiga mata jan kakin hatimi. Ba mai tashi sai lissafin littafi ya yi daidai da abin da ke kan tabarma, ko da taro ne ya ɓace. Gari na wayewa a ɗora wa 'yan alaro, 'yan doka na gaba da baya, sai baitulmali wurin Ma'aji.

Inda kuɗi ke yawo haka, ƙofofin ci suna da yawa, kuma kowa ya san su. A ɓoye sunayen wasu daga ƙidaya amma a karɓi kuɗinsu. A karɓa sau biyu a hannun wanda bai iya karatu ba. A rubuta shanu tamanin alhali ɗari aka biya wa. Abin da iyalinmu ke alfahari da shi shi ne Malam bai bi ta ko ɗaya ba. Dabararsa ba ta da wuya: in ya yanka rasit sai ya miƙa wa mai shi hannu da hannu a gaban jama'a, ya karanta sunansa da abin da ya biya da ƙarfi, sannan ya ƙara rubuta adadin da ajami a bayan takardar, don ko almajiri ya iya dubawa. Wasu masu unguwanni ba su so haka ba, aka yi ta kai ƙararsa wai yana zubar musu da girma. Abokan aikinsa suka hau dawakai, suka yi soraye. Shi har ya bar aiki bai wuce keke ba. Iya takan ce, rabi wasa rabi haushi, "Ni dai an aurar da ni ga mai tsaron rijiya, muna kwana da ƙishi."

Da iyakar labarin ke nan, da ya yi daɗin faɗi. Amma wani dattijo da na zauna da shi a ɗaya daga ƙauyukan, da aka gaya masa ko jikan wane ne ni, ya daɗe yana kallona sannan ya ce, "Yaro, kakanka bai ci kwabon kowa ba, wannan na shaida ko a gaban Allah. Amma in muka hango kekensa ya ɓullo ta kan burtali, tuwo ba ya ciyuwa ranar." Ya ba ni labarin shekarar da mahaifinsa ya sayar da jakinsu guda ɗaya tak don cika haraji, da yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana a ƙofar dagaci. Malam ba ya duka, ba ya ɗauri. Amma daga littafinsa ake karanto sunan wanda za a ɗaure.

Mafi nauyi shi ne 1942. Japan ta kama Malaya, Ingila ta rasa kuzar da take samu daga can, sai aka juyo kan ma'adinan Jos. Aka kafa dokar aikin tilas, wadda talakawa suka kira ɗiban gwamna, ta ci gaba har 1944. Aka yanka wa gundumomi adadin majiya ƙarfin da za su bayar. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa aka kai su sanyin tsaunuka ba bargo ba wadataccen abinci, da yawa ba su dawo ba. Shekarar kuma ta zo da yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau. Malam na saurayi a lokacin, sabon shiga aiki, kuma da hannunsa aka rubuta sunayen waɗanda aka ɗiba daga gundumarsu. Iya ta ce duk surutunsa kan labarin rangadi, in aka ambaci Jos sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Siyasa ta iske shi har cikin gida. A watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a watan ne kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Ƙanen Malam, tela ne a kasuwar garin, ya yanki katin Sawaba, wato NEPU. Ma'aikacin En'e kuwa ko bai faɗa ba an san inda ake so ya tsaya. Ƙanen yakan ce, "Yaya, kai ne alƙalamin zalunci." Shi kuma ya ce, "In na ajiye, wanda zai ɗauka sai ya haɗa da akuyarka." Suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Amma da aka kama ƙanen bayan wani taron lacca, Malam ne ya riƙe iyalinsa har ya fito, kuma duk shekara shi ke biya masa haraji a ɓoye don kada a sami hujjar taɓa shi. Ƙanen bai san haka ba sai bayan shekaru masu yawa. Da ya sani ya yi fushi sabo, ya ce an biya wa azzalumai da sunansa.

Gardamarsu tana da tushe a ɓangarorin biyu. Da kuɗin nan En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo da lantarki daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Alhaji Abdullahi Bayero. Da su aka riƙe asibitin cikin gari, da makarantu, da ɗakunan shan magani, da azuzuwan Yaƙi da Jahilci, inda shi kansa Malam ya koyar da manya da yamma. Sai dai famfo da fitila a birni suka tsaya. Ƙauyen da aka sayar da jaki bai ga komai ba sai rijiyar siminti guda da malamin lamba mai zuwa jefi-jefi.

Rushewar En'e a hankali ta zo, Malam yana kallo. A 1962 gwamnatin Arewa ta sa wani Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963. Duk ma'aikacin da hannunsa ke taɓa kuɗi ya shiga zullumi a lokacin. Iya ta ce maƙwabta na ta kai sadaka wurin malamai, shi kuwa barcinsa yake har da minshari. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, Audu Baƙo ya zo Kano a matsayin gwamna, aka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. A 1973 Naira ta maye gurbin fam, mutumin da ya ƙware a lissafin kwabo goma sha biyu-biyu a kowane sule ya koma koyon na goma-goma. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage, shi ma ya ajiye aiki ya koma gona.

Yana raye a 1979 lokacin da gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji. Ƙanen nasa, ya tsufa shi ma, ya tako har zaure don ya ga yadda fuskarsa za ta yi. Gwaggo na nan. Ta ce Malam ya rage muryar rediyo ya ce, "Alhamdu lillahi, an sauke wa talaka kaya. Amma ka lura, da can in hanya ta lalace talaka na iya cewa ina kuɗina. Yanzu da kuɗin mai za a yi, wa zai tambaya?" Ƙanen ya ce, "Da can ma in ya tambaya ɗaure shi kuke yi." Suka yi dariya, aka kawo fura suka sha tare.

Ni a ganina dukkansu sun faɗi gaskiya, kuma iyalin da zai tuna da ma'aikacinsa ya kamata ya riƙe duka biyun. Malam mutum ne mai amana da ya yi wa tsari mai tsanani aiki. Amanarsa ta rage wa mutane cuta, amma ba ta hana a sayar da jaki ba. In muka faɗi rabin farko kaɗai mun yi kirari, ba tarihi ba. In muka faɗi na biyu kaɗai mun zalunci mutumin da ya tsare hannunsa shekara da shekaru a wurin da ba mai ganin laifinsa in ya ci.

Irin Malam suna da yawa a gidajen Arewa: malaman asibiti, malaman gona, muhutai, masinjoji, ungozomomin En'e. Gidan adana takardun tarihi na Kaduna cike yake da rahotannin Razdan da Di'o, amma muryar waɗannan ƙanana ba ta cika fitowa a ciki ba. Tana cikin akwatunan da gara ke ci, da kawunan tsofaffin da ke ƙarewa. Mai karatu, in akwai irin wannan akwati a gidanku, ka buɗe shi, ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka. Ka zauna da gwaggo ko kawu ka naɗi maganarsu tun suna da ƙarfin yi. Sannan ka je garin da kakanka ya yi aiki, ka tambayi waɗanda aka yi wa aikin, ka rubuta abin da suka ce ko da bai yi maka daɗi ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe musu kurakuransu.