1999: Shekarar Sangaya da Abin da Ya Rage Mana Daga Cikinta

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1990 zai iya tuna gidan da ke da bidiyo a lungunsu. Gidajen ba su da yawa, kuma mu yara mun san su kamar yadda muka san gidan mai ƙosai. Idan aka taso daga Islamiyya aka ji an kawo sabon kaset, sai mu cika ɗakin matar gidan, manya a kan kujera, mu a kan tabarma, kowa yana addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta. A irin wannan zama ne da yawa daga cikinmu muka fara ganin Sangaya, fim ɗin da kamfanin Sarauniya na nan Kano ya fitar a 1999. Mu dai a lokacin kallo kawai muke yi. Sai da muka girma muka gane cewa a cikin wannan shekara guda sana'ar fim ɗin Hausa ta sami sunanta, da mujallunta, da taurarinta, da salon da ya bi ta har yau, haka kuma rigimar da ba ta rabu da ita ba.

Kafin a fahimci 1999 sai an koma baya kaɗan, domin birnin Kano bai karɓi kallo da hannu biyu ba. Gidan silima na Rex, wanda aka buɗe a 1937, a wajen ganuwa yake. A ranar 13 ga Mayu, 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma mutanen gari da dama suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah. Shekara guda bayan haka, a 1952, aka buɗe silimar Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi. Ita ce ta farko a cikin ganuwa, kuma malamai da dattawa sun yi tir da ita. Tun daga nan silima ta zama wurin da ɗan mutunci ba ya so a gan shi, matar aure kuwa ba a ma maganarta. Duk da haka Plaza da Orion da Marhaba da El-Dorado sun ci gaba da cika da samari, kuma finafinan Indiya ne suka fi jan su.

Abin da ya shigar da wasan Hausa cikin gidaje shi ne talabijin. Iyayenmu sun kalli Samanja da Karkuzu da Kuliya Manta Sabo, kuma gidan CTV 67 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa ya ba ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano fili. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, Tumbin Giwa, ita ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, shekara biyu kafin Living in Bondage ya fito a kudu a 1992. Daga nan marubutan littattafan soyayya suka shigo. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, aka kuma yi fim da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Bidiyo ya yi abin da silima ta kasa: ya kai labari har ɗakin matar da ke cikin kulle, ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

To me ya bambanta 1999?

Abu na farko shi ne rubutu. A watan Maris na shekarar Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Kafin ita akwai Tauraruwa, wadda ta fara fitowa a Kano a 1998. A cikin Tauraruwa ne, a watan Agusta na 1999, Sunusi Shehu ya buɗe wani shafi da ya kira Kanywood, da "n" guda ɗaya, yana kwaikwayon yadda Indiyawa ke kiran tasu masana'antar Bollywood. Sunan Nollywood bai bayyana ba sai a 2002, a jaridar New York Times. Wato Kano ta riga Legas raɗa wa sana'arta suna da shekara uku. Waɗannan mujallu sun sauya yadda muke kallon 'yan wasa. A da sunan da mutum ya fito da shi a wasa shi ne sunansa a bakin jama'a. Yanzu kuma aka fara sanin sunansa na yanka, da hotonsa a bango, da labarin aurensa, da wanda ya yi faɗa da wa a wurin ɗaukar fim. Yayyenmu mata suna karɓar aron mujallar daga gida zuwa gida har sai bangonta ya yage.

Abu na biyu shi ne fuskoki. A 1999 ne Ali Nuhu, wanda ya karanta ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya fara fitowa a Abin Sirri Ne. A Sangaya kuma, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya fito a matsayin ɗan sarki, Fati Muhammad ta fito a matsayin Zubaina, yarinya mai aiki a gidan sarauta wadda zuciyar ɗan sarkin ta karkata gare ta. Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya sha tatsuniya a wurin kakarsa: marar gata ta sha wulaƙanci, daga baya Allah ya ɗaga ta. Sarauniya kamfani ne da ya san darajar irin wannan labari, domin shi ne ya mayar da tatsuniyar Daskin Da Riɗi fim. Sunan Zubaina ya manne wa Fati Muhammad shekaru masu yawa bayan fim ɗin.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne tasiri, shi ne kiɗa. An yi waƙa a finafinan da suka gabata, amma a wannan lokaci ne ɗakunan kiɗa na Kano, irin su Iyan-Tama, suka ƙware wajen sarrafa fiyanon Yamaha, na'urar da mutum ɗaya zai zauna a gabanta ya fitar da sautin sarewa da ganga da tafi. Abin da a da sai an tara makaɗa, yanzu yaro guda yana gama shi a ƙaramin ɗaki. Waƙar Sangaya ta riga fim ɗin shiga gari, domin an sa tallarsa a cikin wasu kaset-kaset, kuma kafin ya fito 'yan mata sun haddace ta, ana yin ta a wurin biki da wurin talla. Mu a kunnenmu ta yi kama da gaɗar da ake yi a dandali. Masu suka kuwa suka ce Indiya ce aka sa wa zane da kallabi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, domin waɗanda suka yi fim ɗin sun tashi da gaɗa, sun kuma tashi da Plaza.

Dalilin da ya sa waƙa ta zama dole bayan Sangaya yana cikin yadda kasuwar take tafiya. Furodusa yakan fara haska fim ɗinsa a silima domin ya sami wani abu. Bayan nan sai ya buga kwalaye masu ɗauke da hoton 'yan wasa, ya kai wa diloli a Ƙofar Wambai da Bata tare da uwar kaset. Dila ne zai sayi kaset marar komai, ya jera na'urorin bidiyo yana kwafa, ya zuba a kwali ya sayar. Rabon furodusa yana kan kwalin ne, kuma sau da yawa sai an sayar ake biyansa, wanda bai shiga ba a mayar masa. Da wannan tsari, ra'ayin dila ya fi na marubuci ƙarfi. Da diloli suka ga yadda fim mai waƙa yake fita zuwa Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, sai tambayarsu ta farko ga duk wanda ya kawo fim ta zama: waƙa nawa ce a ciki? A 2000 Wasila, wanda Yakubu Lere ya shirya daga Kaduna, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya bi wannan hanya ya kuma karɓu. Daga nan aka kai matsayin da wani zai fara haɗa waƙoƙi kafin ya nemi labarin da zai rataya su a kai.

Amma 1999 shekarar siyasa ce kuma. A ranar 29 ga Mayu soja suka miƙa mulki, Rabi'u Musa Kwankwaso ya zama gwamnan Kano. A watan Oktoba gwamnan Zamfara, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kuma jama'ar Kano suka matsa sai an yi haka a nan, aka ƙaddamar a watan Yuni na 2000. A daidai lokacin da gari ke maganar gyaran tarbiyya, ga saurayi da budurwa suna rawa a cikin akwatin da ke tsakiyar ɗakin uwargida. Tsohuwar damuwar da aka yi a kan Palace ta dawo, sai dai wannan karon silimar tana cikin gida, ganuwa ba ta iya tare ta. A watan Disamba na 2000 gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim. Abin da ya buɗe hanyar komawa aiki shi ne kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Takun-saƙar da aka yi daga 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar, har aka ɗaure Adam A. Zango da Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, ci gaban wannan muhawara ce da ta samo tushe daga shekarar Sangaya.

Yau yanayin ya sauya baki ɗaya. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba masu tura fim a waya wuri, cinikin kwali ya mutu. Tashar Arewa24 ta zo a 2014 da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka koya mana jiran sabon kashi kowane mako a YouTube. Yaron da ya fito ɗan sarki a 1999 shi aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024.

Sai dai akwai tambayar da ta dame mu, musamman mu da aikinmu na yau da kullum shi ne adana bayanai a kwamfuta: ina finafinan 1999 suke? Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima, kuma Kano tana da dukkan ukun, kowanne da lokacinsa. Kowace kwafa da aka yi daga wata kwafa tana rage hasken hoto da tsabtar sauti. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, ya daina a 2016, don haka duk wadda ta lalace a hannun mai gyara a yau da wuya a sami madadinta. Abin da muke tararwa a intanet na finafinan wancan zamani yawanci kwafa ce ta kwafa, hoto ya dushe, an yanke farko ko ƙarshe, sunayen ma'aikata ba sa karantuwa. Wanda ya riƙe kyamara, da wanda ya haɗa kiɗa, da wadda ta rera waƙar da muka haddace alhali wata ce take motsa baki, sunayensu suna cikin wannan ɓangare da aka fi yankewa.

Mutanen da za su cike giɓin da baki su ma suna tafiya. Hauwa Ali Dodo ta rasu a 2010, Ibro a 2014, Saratu Giɗaɗo a 2024, Allah ya jiƙansu. Malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen rubuta wannan tarihi, kuma da yawa daga abin da muka sani ta hannunsu ya zo. Amma rubutu a kan fim ba ya maye gurbin fim ɗin.

Muna da misali a gabanmu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da taimakon wata cibiya a Jamus, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ya tsira ne domin fim ne na gwamnati, yana da ɗakin da aka ajiye shi. Finafinan 1999 na 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyin unguwa. Ma'ajiyarsu ita ce ƙarƙashin gadon furodusa, da bayan shagon dila, da kwabar iyayenmu mata.

Aikin ceto su bai fi ƙarfinmu ba. Na'urar bidiyo mai lafiya, da ƙaramar na'urar da ke juya hoton kaset zuwa kwamfuta, da izinin mai fim, su ne jarin. Sai a ajiye kwafa a wuri fiye da ɗaya, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a rubuta shekara da kamfani da sunan kowa da ke jiki. Jami'a za ta iya, hukumar tace finafinai za ta iya, domin kowane fim tun 2001 ta gabanta ya kamata ya bi, ƙungiyar matasa a unguwa ma za ta iya farawa. Wanda yake ganin waƙar fim ta ɓata tarbiyya da wanda yake ganin ta raya harshe, dukkansu suna buƙatar fim ɗin a gabansu kafin su kafa hujja.

Saboda haka idan kun je gida, ku duba kwabar Hajiya da tsohon akwatin Baba. Idan kun tarar da kaset a cikin kwalinsa, kada ku bari a zuba shi a shara ranar kwalima, kada kuma ku sa shi a na'urar da ba ku tabbatar da lafiyarta ba. Ku goge ƙurar, ku ajiye shi a tsaye a wuri mai sanyi, ku rubuta sunansa da shekararsa. Mai yiwuwa ne kwafar da ke gidanku ta fi duk wadda ta rage kyau.