Yadda Ledar Gansakuka Ta Riƙe Kifin Gonarezhou Shekara 35

Duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta jira damina. Akwai wasu ƙananan kifaye, dangin kilifish, da dabararsu ta sha bamban da tata. Su idan kududdufi ya ƙafe iyayen mutuwa suke yi gaba ɗaya, ƙwan da suka binne a taɓo shi ke kwana rani. Ruwan farko na sauka sai ya ƙyanƙyashe. Har a ƙasarmu akwai su: a 1928 Bajamushe Ernst Ahl ya bayyana wani nau'i da aka samo a kogin Kiyawa, kusa da Katagum, shi ya sa har yau sunansa na kimiyya ke ɗauke da kiyawensis.

Da Turawa masu kiwon kifin ado suka fara kai irin waɗannan kifaye gidajensu, ƙwan ne ya ba su wahala. A bar shi cikin ruwa, da yawa ya lalace ko ya ƙi fashewa. A shanya shi ƙarau, ya mutu. Abin da ya fisshe su shi ne ruɓaɓɓen gansakukan da ake haƙowa a fadamun Turai. Ana tafasa shi, a zuba a ƙaramar roba cikin tankin kifi, iyayen su binne ƙwai a ciki. Bayan mako ɗaya ko biyu a kwashe, a matse, a baza kan jarida har ya zama da danshi kamar garin taba, sannan a ɗaure a leda da 'yar iska a ciki, a ajiye a wuri mai duhu. Wasu nau'o'in wata biyu zuwa uku, wasu sai sun haura wata biyar. Alamar ya nuna ita ce a hango idon ɗan kifin a cikin ƙwan. Sai a 1972 John Wourms ya fayyace matakai uku da ɗan tayin ke iya tsayawa ya yi barci. Masu kiwo kuwa sun riga shi aiki da abin.

Ledar nan ta sauya komai, don tana shiga ambulan. Ƙungiyar masu kilifish ta Amurka, da aka kafa a 1962, da ta Birtaniya, 1965, a kan musayar ƙwai ta gidan waya suka ginu. 'Yan kasuwa ma sun sa kai: kamfanin Wham-O ya tallata ƙwan a matsayin kayan wasan yara, zuba ruwa ka ga kifi, amma kifayen suka kasa yin ƙwan da zai ishi masu oda, cinikin ya rushe.

A 1968 aka kamo wani nau'i a Gonarezhou, cikin Zimbabwe ta yau, aka raɗa masa Nothobranchius furzeri a 1971. Kifi ne da ba ya daɗewa, don haka duk bayan 'yan watanni sai an sake tara ƙwai, an ɗaure, an rubuta kwanan wata da sunan wurin asali a jikin leda. Wannan rubutu, a ganina, ya fi ledar kanta daraja, domin shi ya hana a gauraya zuriyar da wata. Haka masu sha'awa suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har 2003, lokacin da Valdesalici da Cellerino a Italiya suka wallafa cewa a hannunsu bai wuce wata uku a raye ba. Daga nan masu binciken tsufa suka rungume shi, a 2015 aka fitar da taswirar ƙwayoyin gadonsa. A ɗakunan binciken, da yawa sun koma jera ƙwan ɗaya-ɗaya a kan zaren ɓawon kwakwa cikin faifan roba mai murfi, don a riƙa duba kowanne da ido.