Gayauna da Talla: Makarantar Tattalin Arziki a Kudancin Kano

Tun kafin a sa tattalin arziki cikin darussan makaranta, yaran ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna koyonsa a gida. Ƙasar kuwa ta daɗe da ciniki. Bebeji zango ce a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, wadda Clapperton ya bi a 1826, a Riruwai kuma ana narka kuza tun Turawa ba su zo ba.

Makarantar yaro namiji ita ce gayauna. Da safe yana aikin gandu ƙarƙashin ubansa, wanda abinci da haraji su ke wuyansa. In an tashi, sai ya nufi ɗan yankin da aka yanka masa, abin da ya noma nan kuwa nasa ne. Shi zai zaɓi abin shukawa, ya kuma yanke ko ya sayar da kaka da araha, ko ya ajiye har bazara sa'ad da hatsi ya ke tsada. Yarinya kuwa talla ce makarantarta, inda ta ke rarrabe uwar kuɗi da riba, ta ga yadda adashi ya ke tara kayan ɗakinta.

Wannan koyo bai tsaya wuri guda ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta shiga gayauna, sulalla suka maye gurbin wuri. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa. Amma ilmin firamare na kowa da kowa, wanda aka soma a 1976, ya zo da littattafan da ba ruwansu da gayauna, har yaron da ya iya ciniki a kasuwar Kwanar Dangora ya kan zaci bai san kome ba cikin wannan fanni.

Saboda haka ya kamata malamin da ya ke horad da malamai ya fara daga abin da ɗalibi ya sani. In ya tambayi dalilin da masara ta ke araha a Doguwa da kaka, ajin ne zai ba shi amsa, sa'an nan ya faɗa musu sunan da masana suka ba abin. Gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya.