JITA DA GIDAUNIYA: ƘANANAN MAKAƊAN INGILA, 1976 ZUWA 1982

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu gardama ce da ta kaure tsakaninmu a wani zama na ƙungiyar nan tamu. Wani ɗan'uwanmu ɗalibi ne ya kwanta asibiti, kuɗin magani ya fi ƙarfin iyayensa, sai muka zauna neman dabara. Wata 'yar'uwa ta kawo shawarar a shirya daren kiɗa, a gayyato samarin nan na cikin gari masu kaɗa jita waɗanda ba su riga sun yi suna ba, a sa kuɗin shiga kaɗan, abin da aka samu a kai asibiti. Kafin ta rufe baki wani ya ce ai wannan shashanci ne, kuma wa zai fid da kuɗinsa don ya saurari yaran da ba wanda ya san su? Aka watse ba a tsai da magana ba.

Ni dai ran nan na ja bakina na yi shiru, domin ba ni da hujja a hannu, Hausawa kuwa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Daga baya na koma na yi 'yan karance-karance. Ga abin da na samo game da wata ƙungiya ta ƙasar Ingila mai suna Rock Against Racism, watau kiɗan rok don yaƙi da wariyar launin fata, na kawo shi gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su auna.

Halin da Ingila ta ke ciki

A tsakiyar shekarun 1970 Ingila tana cikin matsi. A 1975 tsadar kaya ta haura kashi 20 cikin ɗari, marasa aikin yi suka wuce miliyan ɗaya, har a 1976 sai da gwamnati ta je neman rance wurin Asusun Ba Da Lamuni na Duniya. To, idan abinci ya yi kaɗan a gida, baƙo a kan fara harara. Baƙin kuwa su ne baƙar fata daga tsibiran Karibiyan da Afirka, da mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash, har da dubban 'yan Asiya da Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972.

Wata jam'iyya mai suna National Front ta samu abin da ta ke so. Manufarta ita ce a kwashe duk wanda ba farar fata ba a mai da shi inda ya fito. A zaɓen majalisar birnin Landan na 1977 ta samu ƙuri'u wajen 119,000. Maganar ba ta tsaya ga ƙuri'a ba, domin a watan Yuni na 1976 an daɓa wa wani saurayi ɗan shekara 18, Gurdip Singh Chaggar, wuƙa ya mutu a unguwar Southall, inda 'yan Asiya suka fi yawa.

Yadda abin ya faro

A watan Agusta na 1976 shahararren makaɗin jita Eric Clapton yana wasa a birnin Birmingham, ya sha ya yi tatil, sai ya shiga yabon Enoch Powell, ɗan siyasar da ya yi ƙaurin suna wajen ƙin baƙi tun 1968, yana cewa a kori baƙi daga Ingila. Abin mamaki, wannan mutum daga kiɗan baƙar fatar Amurka ya koyi sana'arsa, kuma a 1974 ya ci kasuwa da wata waƙa ta Bob Marley. An ci moriyar ganga ke nan za a ya da kwaurenta.

Wani mai ɗaukar hoto, Red Saunders, da abokinsa Roger Huddle da waɗansu suka rubuta wasiƙa zuwa jaridun kiɗa suna ƙalubalantarsa, suka kuma nemi duk mai son a kafa ƙungiya ya rubuto. Ɗaruruwan wasiƙu suka yi ta zuwa. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi wasan farko a wata mashaya mai suna Princess Alice a gabashin Landan, mawaƙiya Carol Grimes ta hau dandamali. Mai karatu ya lura, wuri ne ƙarami, kuma manyan taurarin zamanin ba ko ɗaya a wurin.

Yadda a ke shirya dare

Tsarin ba shi da wuya. Matasan gari su kan haɗu su kafa reshe, su nemi ɗakin taro, ko na mashaya, ko na unguwa, ko na ƙungiyar ɗalibai a jami'a, su buga takardun talla su manna a bango. A bakin ƙofa ana karɓar kuɗin shiga, ana sayar da bajo da wata 'yar mujalla tasu mai suna Temporary Hoarding wadda ta fara fitowa a 1977. Daga cikin abin da aka tara a ke biyan hayar ɗaki da ta lasifika da kuɗin motar makaɗa, saura ya tafi ga shirya wasa na gaba da buga takardu.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta jera makaɗa. A lokacin akwai sabon salon rok da a ke kira pank, na samarin Turawa talakawa, mai sauri da ƙara, wanda yaro zai iya fara kaɗawa bayan 'yan watanni da sayen jita. Akwai kuma rege, wanda 'ya'yan mutanen Jamaika haifaffun Ingila su ke yi. Ƙungiyar ta ɗauki al'adar haɗa su a dare ɗaya, rukunin farare da na baƙaƙe, sau da yawa kuma a rufe taro da dukansu a kan dandamali suna kiɗa tare. Saboda haka yaron da ya biyo pank sai ya tsinci kansa yana rawa kafaɗa da kafaɗa da wanda aka ce masa abokin gabansa ne. Daɗin daɗawa, ƙananan makaɗan su ma sun samu abin da su ke nema ido rufe, watau dandamali da masu saurare. Hannun dama ya wanke na hagu, na hagu ya wanke na dama.

Ran 30 ga Afrilu, 1978, ƙungiyar tare da takwararta Anti-Nazi League suka shirya maci daga dandalin Trafalgar zuwa filin Victoria Park a gabashin Landan. An ƙiyasta mutanen da suka taru daga 80,000 zuwa 100,000. Waɗanda suka yi wasa sun haɗa da The Clash, da Steel Pulse 'yan rege daga unguwar Handsworth ta Birmingham, da Tom Robinson Band, da X-Ray Spex wadda jagorarta Poly Styrene 'yar wani Basomale ce. A cikin huɗun nan, The Clash kaɗai ke da babban faifai a kasuwa ran nan, shi ma shekara ɗaya da 'yan makonni ke nan da fitowarsa. Ga amsa ga ɗan'uwanmu mai tambayar wa zai zo sauraron yara.

Kada dai a ɗauka kiɗa ya kashe wutar nan take. Kwana huɗu bayan wannan taro, ran 4 ga Mayu, aka kashe wani matashi ɗan Bangaladash mai aikin ɗinki, Altab Ali, a unguwar Whitechapel, yana kan hanyar komawa gida daga wurin aiki.

Southall da daren gidauniya

Inda maganar tara kuɗi ta fi fitowa fili shi ne abin da ya faru a Southall. A unguwar akwai 'yan rege masu suna Misty in Roots, suna da wani gida da suka kira People Unite inda matasa ke taruwa suna koyon kiɗa. Su ne suka buga wa waɗansu samarin Turawa 'yan pank, The Ruts, ƙaramin faifansu na farko a farkon 1979, lokacin da manyan kamfanoni ba su ko kalle su ba.

Ran 23 ga Afrilu, 1979, National Front ta kira taron neman zaɓe a ɗakin taron hukumar Southall. Mutanen unguwa suka fito zanga-zanga, 'yan sanda dubbai suka far musu. Aka bugi wani malamin makaranta ɗan ƙasar New Zealand, Blair Peach, a ka, ya mutu washegari. Rahoton binciken 'yan sanda da aka ɓoye sai a 2010 aka fito da shi, ya kuma nuna kusan babu shakka ɗan sanda ne ya buge shi. 'Yan sanda suka kutsa gidan People Unite suka farfasa kayan kiɗa, suka fasa wa manajan Misty, Clarence Baker, ƙoƙon kai, ya daɗe bai san inda ya ke ba. Mutum fiye da 340 aka gurfanar gaban shari'a, yawancinsu matasa 'yan Asiya marasa kuɗin lauya.

A watan Yuli na wannan shekara aka yi wasa dare biyu a gidan wasa na Rainbow a Landan domin tara kuɗin kare su. The Clash da Pete Townshend na rukunin The Who suka zo, Misty da The Ruts da Aswad su ma suka hau. Abin lura shi ne, shekara biyu da rabi da aka yi ana ƙananan wasanni ita ta sa aka iya haɗa wannan cikin 'yan makonni. Masu shiri sun san juna, makaɗa sun san juna, masu saurare sun san inda kuɗinsu za shi. Da ma an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Me aka ci, me aka rasa?

A zaɓen Mayu na 1979 National Front ta tsai da 'yan takara 303, ba wanda ya ko ceci kuɗin ajiyarsa, ƙuri'unta duka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masoya ƙungiyar makaɗan su kan ce aikinsu ne. Gaskiya ta tilasta ni in kawo ɗaya gefen: a watan Janairu na 1978 Margaret Thatcher ta fito a talabijin ta ce mutane na tsoron baƙi su mamaye su, kuma masana da yawa na ganin wannan ya janye mata ƙuri'un da da National Front za su je. Idan haka ne, ra'ayin bai mutu ba, gida ya sake. Abin da na gamsu da shi dai shi ne, wasannin sun hana 'yan wariya su mallake samarin pank, waɗanda suka yi ta zawarcinsu. An yi babban wasa na ƙarshe a Leeds a 1981, ƙungiyar ta naɗe tabarmarta a 1982.

Duniya ta fi sanin manyan bukukuwa, kamar wanda George Harrison da Ravi Shankar suka shirya don Bangaladash a New York a 1971, da Live Aid na 1985 don yunwar Habasha. Waɗannan sun tara kuɗin da ƙananan wasanni ba za su taɓa tarawa ba. Amma na rana ɗaya ne, mai bayarwa kuma bai san mai karɓa ba. A Southall kuwa maƙwabci ne ya kaɗa wa maƙwabci.

Kammalawa

Da na gama wannan karatu sai na tuna ashe abin ba baƙo ba ne gare mu. Bahaushe ya daɗe da sanin ajo, inda makaɗa ke kafa fage, jama'a su yi ta liƙi, a tara wa wanda wata buƙata ta kama. Bambancin kalangu da jita ne kawai. Wanda ya ƙi kiɗa don addini ko tarbiyya yana da hakkinsa, ban kuwa zo in yi masa gardama ba, ya kawo nasa taimakon ta hanyar da ya yarda da ita. Amma wanda hujjarsa ita ce yaran ba su da suna, tarihi bai goyi bayansa ba.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a sake zama a kan maganar 'yar'uwarmu. In an yarda, a nemi izinin hukumar jami'a, a biya makaɗan kuɗin motarsu kada a ci guminsu da sunan taimako, a sa mutum biyu a bakin ƙofa, sa'an nan washegari a manna lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita a allon sanarwa kowa ya gani. Ɗan'uwanmu dai har yanzu yana kwance, kuɗin magani kuma ba ya jiran mu gama gardama. Allah ya ba shi lafiya, amin.